INA SUNAN ƘAUYENSU?

Ran kasuwar da ta wuce wani ɗan'uwanmu mai sayen tsofaffin ƙarafa ya shigo ofis riƙe da wani ɗan abu a tafin hannunsa. Tauraro ne na farin ƙarfe mai tsini shida, da kambin Sarkin Ingila a bisa, an kuma rubuta sunan Bama da Turanci a kewaye. Ya ce cikin buhun gwangwan ya tsince shi, tare da fasassun tukwane da tsohuwar sarƙar keke, yara suka kawo daga wani ƙauye, aka auna aka biya su a kan kilo. Ya tambaye mu, na wane ne? Muka juya bayansa ko za mu ga suna. Ba kome, sumul. Haka Ingilishi suka raba waɗannan lambobi bayan yaƙi, ba su buga sunan mai ita ba.

To, jama'a, wani mutum ya bar gonarsa, ya haye teku, ya sha ruwan sama da sauro da harsashi a dajin da bai taɓa jin sunansa ba, Allah ya komo da shi gida, aka ba shi wannan. Yau ya rasu, 'ya'yansa watakila sun rasu, jikokinsa sun sayar da ita da nauyinta. Ba mu ga laifin yaran ba. Wa ya gaya musu?

Bari mu gaya musu, gwargwadon abin da shafin nan zai ɗauka.

Yaƙin Hitila ya tashi a 1939, ya ƙare a 1945. Ba mu muka tsokane shi ba, ba kuwa a shawarce mu ba. Amma tun 1940 aka kwashi sojan Nijeriya zuwa gabashin Afirka su kara da Italiya. Cikin Fabrairu 1941 suka shiga Mogadishu, suka kori abokan gaba wajen mil dubu cikin wata guda har Harar ta ƙasar Habasha, watan Mayu kuwa Sarki Haile Selassie ya komo gadonsa a Addis Ababa. Da Japan ta ci Singafo da Bama a 1942, sai Ingila ta sake waiwayo mu. Masu karatu su lura, ba Bama ta Barno mu ke nufi ba, wata ƙasa ce gabas da Indiya, wadda yanzu a ke kira Myanmar. A 1943 aka kafa runduna biyu na mutanen Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba su jiragen ruwa, makonni suna bisa teku har Bombay. Kusan mutum 90,000 suka tafi daga Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, fiye da rabinsu kuwa 'yan Nijeriya ne. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944. Bataliya uku na Nijeriya aka haɗa su da dakarun Janar Wingate, waɗanda a ke kira Cindit, aka sauke su da jirgin sama a bayan Japanawa. Cikin Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung.

Wanda ya zauna Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. Na Zariya ya san Cindit. Na Ikko ya san Dodan da Arakan da Myohaung, na Badun ya san Letmauk. Kullum a na hawa mota a ce a sauke ni Dalet, amma a tsai da fasinja goma a tambaye su mene ne Dalet, da wuya a sami ɗaya. Duk sunayen wurare ne na Bama inda kakanninmu suka zub da jini, ban da Cindit da ke sunan dakarun can. Ku duba abin mamaki: sunan ƙauyen Bama ya sami allo da fenti da mai gadi a ƙasarmu, sunan ƙauyen da sojan ya fito kuwa ko a littafin soja bai shiga ba.

Wannan shi ne zancenmu na yau, kuma ga yadda abin ya faru. Saurayi ya zo gaban akawun ɗaukar kurtu. A ce sunanka? Ya faɗi sunan yanka. A ce daga ina? Ya faɗi ƙauyensu, Bature bai iya rubuta shi ba, akawu kuwa yana sauri, layi ya yi tsawo. Sai a liƙa masa sunan babban garin da ya fi kusa, ko sunan ƙabilarsa. Shi ya sa in ka bi jerin sunayen matattunmu sai ka yi ta ganin wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci, wane Katsina, wane Yola, har idonka ya gaji. Kano kuwa ƙasa ce, ƙauyukanta ba su ƙirguwa. Wane Kano na wace gunduma? Ɗan wa? Waɗansu ma da gangan suka sake suna, don sun gudo ne daga haraji, ko daga bashi, ko daga wani abin kunya na gida. Waɗansu daga ƙasar Faransi suka tsallako, Zabarmawa da mutanen Damagaram da na Cadi. Turawa kuma suka yi musu kuɗin goro suka ce sojan Hausa, don Hausa ce harshen bariki, alhali akwai Tibi da Dakarkari da Angasawa da Bacama da Barebari da waɗansu da dama. Takardar da ke Landan ta san lambar mutum, ta san ranar da ya mutu. Ba ta san uwarsa ba. Wanda ya san wannan ƙauye ne kaɗai, ƙauye kuwa ba a taɓa tambayarsa ba.

Ba kuwa duk wanda ya tafi aka ba bindiga ba. Dajin Arakan duwatsu ne da ƙoramu da gora, mota ba ta shiga. Dalilin da ya sa Ingila ta so mutanenmu a can ke nan, ta san mun iya ɗaukar kaya a ka. Aka kafa ƙungiyoyi na 'yan dako, dubbai, sojoji ne masu lamba amma aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da manyan bindigogi da aka warware gunduwa-gunduwa, da kuma ɗaukar masu rauni. Jirgin sama ya jefo kaya daga bisa, su su tsinto su aza a ka su hau dutse. Su ne kuma suka sare daji da adda da diga suka fid da hanyar mota ta fiye da mil 70 zuwa Kaladan. Alamar runduna ta 81 gizo-gizo ce, shi dai Gizon nan na tatsuniya mai dabara. Alamar ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye bisa gammo. Gammo, jama'a! Wannan tsumman da 'yan dako ke naɗawa a kasuwar Kurmi, wanda mai talla ke ɗorawa ƙarƙashin farantinta, shi ne tutar runduna guda ta Sarkin Ingila. Ku 'yan kasuwa da ke karanta wannan, ko da a ke karanta muku, gobe in ɗan dako ya sauke muku buhu ku dube shi da kyau.

Wannan na waɗanda suka haye teku ke nan. Na gida fa?

Da Japan ta kame Malaya, Ingila ta rasa inda ta ke samun kuza, sai ta juyo Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. Razdan ya aika wa Sarki, Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, a kawo mutum kaza daga gari kaza. Ba sai mun gaya muku ɗan wa a ke ɗiba ba. Wanda ke da akuyar da zai kai gidan dagaci da dare ya kan kwana gida. Talakawa wajen 100,000 aka kora haƙar kuza cikin shekarun nan, kowane rukuni ya yi watanni a sake ɗebo wani. Mutanen ƙasar zafi, da 'yar taguwa ɗaya, aka kai su sanyin dutse cikin bukkokin da ke yoyo, abinci ba ya isa. Da yawa suka gudu, da yawa ciwon ƙirji da zawo suka kashe su. Sai da maganar ta kai majalisar Ingila kafin a daina. Waɗannan ba lamba, ba bariki mai sunansu, ba kabari mai alama. Amma kuzar da suka haƙa ta shiga yaƙi kamar yadda harsashi ya shiga.

Haka leburorin da suka share filayen jirgin sama na Kano da Maiduguri. Tun 1940 a kan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna a sauke a Takoradi, a haɗa su, su taso su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Kartum har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Da hannun wa aka haƙe kututture aka daddaɓe ƙasa?

Mata kuwa, su ne aka fi zalunta a wannan tarihi, don ko lambar da babu suna ba a ba su ba. Miji ya tafi shekara uku, wani huɗu. Haraji bai tafi tare da shi ba. Gwamnati na matsa wa kowa a ƙara gyaɗa don Ingila na bukatar mai, a kuma sayar mata da hatsi a kan kuɗin da ita ta yanka, don ciyad da soja da 'yan kuza. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, tufa ta yi tsada. Wa ya riƙe gida? Wa ya ɓare gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano? Wa ya yi kaɗi da dare, ya yi ƙuli-ƙuli da rana, don a sami na biyan mai unguwa? A kan duwatsun Jos mata sun ɗauki kwanon ƙasar kuza a ka, sun kawo itace da abinci sansani. A bariki akwai magajiya, shugabar matan soja, ita ke sasanta rigima, ita ke tsayawa kan mai haihuwa da wadda aka kawo wa mugun labari. Akwai wadda ta jira har aka ce ya mutu, ta yi takaba ta yi aure, sai ga shi ya sauko daga jirgin ƙasa a 1946 da akwatinsa. Kusan kowace gunduma tana da irin wannan labari, tsofaffin mata sun san shi, sun san yadda alƙali ya raba gardamar. Ba wanda ya zauna gabansu da alƙalami.

Sakamako fa? Kurtun Nijeriya sule guda ya ke samu a yini. A 2019 wani ɗan jarida ya tono takardun Gwamnatin Ingila na kuɗin sallama da aka biya sojan gabashin Afirka: farabiti Bature sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, baƙin mutum mai irin muƙaminsa sule 3 da sisi. Harsashin Japan dai bai tambayi launin kowa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kabari ma ba a daidaita su ba. Cikin Afrilu 2021 hukumar da ke lura da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta fid da rahoto a kan Yaƙin Duniya na farko, na 1914 zuwa 1918. Ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, watakila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, ko kuwa ba a yi musu alamar tunawa ba sam. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri. Wannan yaƙi ma da mu a ciki: sojanmu da 'yan dakonmu sun yi Garwa da Banyo da dutsen Mora a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga nan aka wuce da su Tanganyika. Haƙuri ya yi kyau, mun karɓa. Amma haƙuri ba ya komo da suna.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Turawa sun tafi tun 1960. Shekara sittin da ɗoriya ke nan mulki na hannun 'yan ƙasa, me aka yi? Kowace 15 ga Janairu manya su kan sa fararen kaya, a aza furanni, a saki tantabaru, a busa bigila, a watse. An gode. Amma ku nemi littafin tarihin kowane gari namu ku buɗe. Sarki wane ya yi shekara kaza, ya haifi wane, ya gina ƙofa kaza. Razdan wane ya zo, Di'o wane ya tafi. In ka ga talaka a ciki, to, ƙidaya ce: an tura mutum ɗari biyu. Su wane ne ɗari biyun? Shiru. Dalili kuwa a fili ya ke. Wanda ya rubuta sunayen waɗanda aka ɗiba, tilas ya rubuta wanda ya ɗebe su, da wanda aka tsallake, da abin da aka karɓa kafin a tsallake shi. Akwai gidajen da har gobe ba su son a buɗe wannan shafi.

Mun san abin da waɗansu samarinmu masu zafin kai za su ce, don sun faɗa mana a ofis. Za su ce, ai waɗannan karnukan farautar Nasara ne, sun yi wa mai mulkin mallaka yaƙi, me za a tuna? Amsarmu ita ce, ba mu ce a yi musu kirari ba, cewa muka yi a rubuta su. Wani tilas aka yi masa, wani yunwa ta kora shi, wani kaki da takalmi suka ruɗe shi, wani jarumi ne, wani ya komo ya addabi kasuwa da shaye-shaye da faɗa har aka yi ta kuka da shi. Duk a rubuta yadda ya ke. Kuma kada a manta, mutanen nan sun ga Indiya tana gab da karɓar 'yancinta, sun ga Bature yana kuka yana gudu kamar kowa. Da suka komo suka ba da labari a bakin kasuwa da tashar mota, kwarjinin Di'o bai sake zama kamar da ba. Wanda ke jin daɗin ɗaga murya gaban hukuma yau, ya san akwai bashin mazan jiya a kansa.

Ga misalin abin da rubutu ke yi. Isaac Fadoyebo yaro ne ɗan shekara 16 daga ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo, ya shiga soja a 1942. A watan Maris 1944 Japanawa suka harbe shi a bakin Kaladan suka bar shi a kan ya mutu. Wani manomi Musulmi, talaka, mai suna Shuyiman, ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, David Kargbo, yana ciyad da su wajen wata tara, alhali in an gane kashe shi za a yi. Da Fadoyebo ya komo sai ya zauna ya rubuta labarinsa. Saboda wannan 'yar takarda wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya neme shi a Ikko, ya ɗauki wasiƙarsa ta godiya har Bama, ya sami 'ya'yan Shuyiman ya karanta musu. Fadoyebo ya rasu a 2012, amma duniya ta san ƙauyensu, ta san ƙauyen mai cetonsa. Haka Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya saurari hirar mahaifinsa ya fid da littafi a 2007 a kan yaran Arewa cikin dakarun Cindit. Mutum biyu ke nan cikin dubbai. Sauran sun ba da labarinsu a dandali da zaure, iska ta kwashe.

Waɗanda suka je Bama, ɗaiɗai ne suka rage, in akwai su sun haura shekara casa'in da biyar. Amma 'ya'yansu na nan, da waɗansu daga matansu na baya, da ƙannensu mata da suka raka su bakin tasha. Su ma rana ta yi musu yamma. Mazan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suna nan da dama, kuna ganinsu wajen karɓar fansho, da na Kwango, da na Laberiya da Saliyo. Yanzu haka kuma a Barno da Yobe da Adamawa akwai 'yan sa-kai da maharba, maza da mata, waɗanda suka tsare garuruwansu tun 2013, waɗansu da gora da adda kawai, mata na binciken mata a shingen hanya. In ba a yi hankali ba, nan da shekara sittin jikokinsu za su sayar da tasu shaidar ga mai gwangwan.

Don haka ga abin da mu ke roƙo, ba ya bukatar izinin kowa, ba ya cin kuɗi. Kowane reshe ya sayi littafin rubutu guda mai bango mai ƙarfi. A sami yaro ko yarinya mai kyakkyawan hannu, a haɗa shi da dattijo guda da a ke jin nauyinsa, su bi gida-gida. A fara da tsofaffin mata, su suka fi riƙe sunaye, kuma mace ta shiga wurinsu inda namiji ba ya shiga. A rubuta sunan mutum na gaskiya, da na ubansa da uwarsa, da unguwarsu, da sunan da soja suka laƙaba masa in an sani, don da shi ne za a iya nemo shi a takardun Turawa. A rubuta shekarar tafiya, in ba a san ta ba a faɗi abin da ya faru a shekarar, fari ne ko fāra ko rasuwar wani babba. Da kansa ya tafi ko ɗibarsa aka yi? Bama, ko Habasha, ko kuza, ko filin jirgi? Ya komo ko bai komo ba? Wa ya riƙe gidansa? Ita ma a ba ta nata shafi, da sunanta, ba matar wane kawai ba. In akwai lamba ko takardar sallama ko hoto, a ɗauki hotonsu da waya a bar wa masu abu abinsu. Kada a ƙara gishiri. In tsohuwa ta ce ba ta sani ba, a rubuta ba ta sani ba. In gida biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun. Kada kuma a tambayi kowa katin jam'iyya, mamaci ba shi da jam'iyya.

Hukumar kaburburan nan ta zuba sunayen matattun yaƙi a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye wajen 27,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, da namu a ciki, akwai kuma kaburburan mutanenmu a Chittagong ta Bangaladash. In littattafan rassa sun iso ofis za mu zauna mu gwada su da wancan jeri, wane Kano ya koma ɗan wane na ƙauye kaza. Za mu riƙa buga abin da aka samu a wannan shafi, gari-gari, da yardar iyalansu, mu kuma kai kofe Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, asalin littafin kuwa ya zauna a garinsa.

Tauraron nan yana cikin aljihun teburin akawu. Mai gwangwan ya ce zai gane yaran in sun komo ran kasuwa, zai tambaye su gidan da suka samo shi. In an dace, da sunan mai shi za mu buɗe shafin farko.